Ranar Ziyara a Gidan Mangwaro

Konadu ta soka wuƙa a cikin burodin ta tsaga shi biyu, ta leƙa, ta ƙara tsagawa, sannan ta ture shi gefe ta jawo kular miya.

"Haba Anti, ai kin mayar mana da shi gari," in ji matar da ta kawo.

"Satin da ya wuce a cikin dokunu, tuwon masarar nan na ganye, na zaƙulo ƙwaya takwas. Uwa ce ta kawo, da ɗankwalin coci a kanta. Buɗe jakar."

Asabar ce, ranar ziyara a Gidan Mangwaro. Akwai wani dogon suna a jikin allon bakin ƙofa, amma babu mai kiran gidan da shi a unguwar Abuakwa. Maza ashirin da biyu ne a ɓangaren gaba, mata goma sha ɗaya a baya. Wasu ƙwaya ce ta kawo su, wasu giya, wasu kuma kan ne ya juye ba tare da sun sha komai ba. Shekara huɗu ke nan Konadu take uwar ɗakin mata, kuma duk ranar ziyara ita ake ɗorawa a teburin bincike, domin Papa Boadu, shugaban gidan, ya ce hancinta ya fi na karen 'yan sanda.

Tana cikin juya miyar ne wata farar mota ta tsaya a gindin katanga. Ba ta ɗaga kai ba. Tun ranar Litinin ta san zai zo, tun da ta ga sunansa a takardar masu ziyara: Mista Wiredu, mai kemis a Bantama, mahaifin Pokuaa. Dokar gidan ce ba a ziyartar sabon shiga sai ya cika sati shida. Ranar da ya kawo 'yarsa, Konadu ta hango shi ta tagar kicin, ta tsaya a wurin tana kankare tukunyar da ta riga ta wanku har ya tafi. Yau dole su haɗu.

Ya ajiye kuloli uku da leda a gabanta. Ya ƙara ƙiba, gemunsa ya yi furfura, amma zoben nan mai jan dutse yana nan a yatsansa.

"Barka da aiki, Madam."

Ta buɗe kular farko. Fufu ne, an mulmula shi sumul. Ta wanke hannu ta cusa yatsu biyar a ciki, ta dagargaza shi har ya koma kamar abin da kaji suka tona. Ta tsiyaye miyar a roba, ta fasa kan kifin, ta ɓare kaguwa ɗaya bayan ɗaya. Ta zazzage ledar, ta warware sabulu, ta matse kusan rabin man goge baki a kan takarda, ta sa reza ta farke kalmasar sabon zanen da ya kawo. Mutanen da ke layi suka fara kallon juna. Jira take ya ɗaga murya, ko da sau ɗaya ne.

Sai ya gyaɗa kai. "Haka ya kamata, Madam. Ki duba da kyau. Miyagun mutane sun yi yawa a garin nan, su suka lalata mini yarinya."

Ta ɗago ta dube shi sosai, ta ba shi lokaci. Shi ma ya dube ta, da irin murmushin da ake yi wa ma'aikacin da ake neman alfarma a wurinsa. Bai gane ta ba.

"An ce ke kika riƙe ta lokacin da jikin ya yi tsanani," ya ce yana tattara kulolin. "Ban san bakin da zan gode miki da shi ba. Allah ya raya miki naki 'ya'yan."

"Na gaba," in ji Konadu.

Ɗa ɗaya ta haifa, Bempa. Keken haya mai ƙafa uku yake tuƙawa tsakanin Bantama da Sofoline, kuma kamar sauran abokan aikinsa ya fara da tiramol guda ɗaya da safe don kada baya ya riƙe. Cikin shekara biyu ya kai goma a yini. Ta bi sawunsa har ta gano inda yake saye. Wata ranar Talata ta shiga kemis ɗin Wiredu, ta zube gwiwa biyu a ƙasa a gaban masu sayen magani, ta ɗora bayan hannun dama a tafin hagu, ta roƙe shi ya daina sayar wa ɗanta. Ya leƙo ta saman tebur ya ce, "Madam, ni ba na bin mutane gida ina ɗura musu. Kowa ya tsare ɗansa. Tashi, kin tare wa mutane hanya."

Ta kuwa tsare ɗanta. Ta kawo shi wannan gidan, ya yi wata huɗu, ya fita da kumatu, yana tashi da fufu kwano biyu. Kwana goma sha ɗaya da fitarsa jijjiga ta kama shi a kan keke, ya faɗa ƙarƙashin tifar yashi. A asibiti aka miƙo mata rigarsa a leda. A aljihun gaba akwai katin tiramol, an ɓalle huɗu. Abokansa suka ce daga kemis ɗin Wiredu ya fito da shi, kuma kyauta aka ba shi, wai na barka da dawowa.

Bayan kwana arba'in ta rufe rumfarta ta kifi, ta zo ta ce wa Papa Boadu ya ba ta aiki ko na shara ne. Matan coci suka ce Allah ya ba ta babbar zuciya. Ita dai ta san ba ta iya zama a gidan da gadonsa yake ne kawai.

Sai ga shi an shigo da 'yar Wiredu ranga-ranga, shekararta ashirin da ɗaya, an koro ta daga makarantar koyon jinya. Papa Boadu ya san labarin duka. Ya kira Konadu ofis ya ce idan ba za ta iya ba ta faɗa, a nemo wata.

"Aiki ai aiki ne, Papa," ta ce.

Ta yi wa yarinyar duk abin da aikin ya ce. Ta tare mata amai, ta sauya mata zanen gado sau uku a yini, ta danne mata ƙafafu lokacin da suke harbawa su kaɗai, ta ɗura mata koko cokali-cokali. Amma kowace mace a ɗakin nan "'yata" take ce mata, har Dufie mai shekara sittin wadda giyar ogogoro ta cinye wa hanta. Pokuaa kaɗai take kira "ke".

"Anti, yarinyar nan ta taɓa ƙwace miki miji ne?" Dufie ta tambaye ta wata rana.

"Sha maganinki, ki buɗe baki in gani."

Duk Alhamis matan sukan jera kujeru su yi da'ira a ƙarƙashin mangwaron baya, kowa ta faɗi abin da ke cinta. Papa Boadu yakan buɗe zaman da magana ɗaya: "Abin da aka faɗa a nan, a nan yake mutuwa." Kowa ya amsa, "A nan yake mutuwa," har Konadu. Sati biyar Pokuaa ba ta faɗin komai sai sunanta. Shekaranjiya ta buɗe baki. Ta ce tsoron komawa gida take, domin ta san inda babanta yake ɓoye ƙwayoyin, kuma ƙafarta za ta kai ta. Ta ce sau biyu hukuma tana bincike shagon babanta ba a samu komai ba sai maganin zazzaɓi, saboda kayan ba a Bantama suke ba. Suna gonarsa ta kaji a hanyar Ejisu, mai shuɗin get, a rumfar ƙarshe, bayan buhunan dusa. Duk Lahadi da asuba motar ƙwai take kwashe su zuwa arewa. Ta faɗi wannan duka a natse, kamar mai ba direba kwatance. Da ta gama Papa Boadu ya ce, "Mun ji ki, Pokuaa. Wa zai biyo?"

Kwana biyu maganar tana cin Konadu. Ta amsa alkawarin da bakinta, kuma shekara huɗu ba ta taɓa fitar da ko kalma ɗaya daga ƙarƙashin bishiyar nan ba.

Da layin ya ƙare ta ɗauki robar ruwan wanke hannu ta bi ta tsakar gida. Iyalai sun baje a kan benci, ana ci ana hira, wasu na faɗa ƙasa-ƙasa. Wiredu yana zaune kusa da 'yarsa, ya riƙe hannunta da hannayensa biyu yana kuka, yana share fuska da farin hankici. Pokuaa kuwa ta sunkuyar da kai tana tsakurar dagargajajjen fufun da ɗayan hannun.

"Kina fitowa zan kai ki Cape Coast ki huta a bakin teku," yake ce mata. "Makaranta kuma kada ki damu, na san wanda zan gani."

Dufie, wadda babu mai ziyartarta, tana zaune a kan matakala tana kallon na wasu. "Dubi babban mutum yana kuka kamar an ƙwace masa alewa," ta ce. "Anti, ki ba shi robar nan ya tara, kada ya jiƙa mana gida."

Konadu ba ta yi dariya ba. Hannun yarinyar take kallo a cikin nasa, hannu mai ɗumi, mai motsi. Ita riga aka ba ta a leda. Ta watsar da ruwan a gindin katanga, ta shiga ɗaki ta ɗauko jakarta.

A baranda ta tarar da Papa Boadu. Shekara ashirin da suka wuce a kwata ake tsintarsa a buge a kasuwar Kejetia, kuma har yau idan ya kalli mutum ta saman tabarau sai ya ji kamar an laluba masa aljihu.

"Manja ya ƙare, zan leƙa kasuwa."

"Jiya aka kawo jarka."

"To albasa."

"Konadu."

"Albasa, Papa."

A bayan wani shagon gyaran talabijin ta tsaya ta zaro wani kati mai lambar waya daga cikin Littafi Mai Tsarki. Madam Gyamfua, jami'a a hukumar yaƙi da fataucin ƙwayoyi, ita ta raba musu shi bara da ta zo yi wa mazauna gidan jawabi. Sai da wayar ta yi ƙara biyar aka ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Wata uwa ce. Kuna neman kayan Wiredu na Bantama?"

Aka rage ƙarar rediyo. "Mama, sau biyu mutumin nan yana ba mu kunya. Idan faɗan maƙwabta ne, ki kai wa fasto."

"Hanyar Ejisu, gonar kaji mai shuɗin get, rumfar ƙarshe, bayan buhunan dusa. Gobe da asuba babu abin da za ku tarar sai kashin kaji."

"A ina kika samu wannan?"

"Ku je ko kada ku je."

"Na ji. Ki koma gida, kada ki gaya wa kowa, kada kuma ki kusanci wurin."

Konadu ta kashe wayar, ta tsallaka titi ta shiga tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya, mai zuwa Kejetia, daga can ta hau wata mai zuwa Ejisu. An matse ta tsakanin taga da wata mata mai kwandon tumatir, wani mai wa'azi yana tsaye a bakin ƙofa yana maganar yafiya sau saba'in har bakwai. Ta juya fuskarta waje.

Ba ta sha wahalar gano get ɗin ba, warin ma ya isa kwatance. A tsallaken titi akwai wata mai gasa ayaba. Konadu ta sayi biyu da gyaɗa, ta zauna a kan bencin matar, ta riƙe su a takarda har suka huce. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kusa cika. Ta fara tunanin ba za su zo ba, kuma ta ga cewa idan ba su zo ba ita za ta sayi fetur a kwalba ta shiga da kanta. Tunanin bai ba ta tsoro ba.

Biyar saura kwata motoci biyu a-kori-kura suka tsaya, mutane suka diddiro. Kaji suka kaure da ihu. Ba a jima ba aka fara fito da katan-katan ana jerawa a bakin get, an rubuta maganin kaji a jikinsu. Wani jami'i ya farke ɗaya da wuƙa, katunan ƙwaya suka zubo suna ƙyalli a rana. Kafin ka ce me, titin ya cika da jama'a, kowa ya ɗaga waya.

"Ashe!" in ji mai ayaba, ta dafa ƙirji. "Ni fa na ce kajin nan ba su isa su saya masa irin motar nan ba. Ƙwai nawa za a sayar?"

Mota ta uku ce ta kawo Wiredu. A gida aka same shi, da rigar da ya je ziyara da ita, har da ɗigon jar miya a ƙirji. An sa masa ankwa ta gaba. Aka tsayar da shi kusa da katan-katan ɗin ana ɗaukar hoto, yana ta cewa shi bai san da su ba, ma'aikata ne, a bar shi ya kira lauyansa.

Konadu ta tashi ta tsallaka. Wata mace mai hular hukuma ta tare ta da hannu. "Mama, koma baya."

"Magana ɗaya ce, Madam Gyamfua."

Jami'ar ta gane muryar. Ta harare ta, amma ta sauke hannun.

Wiredu yana ganinta fuskarsa ta yi haske kamar ya ga ɗan'uwa. "Madam! Madam ta wurin Pokuaa! Allah ne ya kawo ki. Don girman Allah kada yarinyar nan ta ji, zai mayar da ita baya. Ki ce mata tafiya ta kama ni."

"Bempa," ta ce.

"Na'am?"

"Bempa, mai keke. Dogo, mai wushirya. Na durƙusa maka a shagonka, ka ce kowa ya tsare ɗansa."

Ya ƙura mata ido. Ta ga yana nema da gaske, yana laluben shekaru, don a wannan lokacin da zai iya tunawa da ya tuna. A ƙarshe ya girgiza kai. "Madam, mutum nawa ne suke shiga shagona a yini?"

Shekara biyar tana tanadin wannan sunan don ta jefe shi da shi, ga shi ya wuce ta gefensa bai ko taɓa shi ba. Ankwar ma ba ta karya shi ba, ta ga yadda yake waige-waige yana lissafin wanda zai kira. Sai ta nemi wurin da zai ji.

"Ba ka tambayi wanda ya nuna musu rumfar ƙarshe ba."

Ya daina waige-waigen.

"Mutum nawa ne suka san da ita? Ƙirga mana. Matarka ma ba ta sani ba."

Leɓensa ya motsa. "A'a," ya ce.

"A gaban mutum goma sha biyu ta faɗa. Har launin get. Shekaranjiya. Yau kuma ta zauna ta ci fufunka kana yi mata kuka."

Ya zauna daɓas a ƙasa, cikin dusa da kashin kaji, ya ɗora hannuwan masu ankwa a ka. Wani sauti ya fito daga cikinsa wanda ta sani sarai, don ta taɓa yin irinsa a barandar asibiti. Ta tsaya tana kallo, ba ta ƙifta ido ba, har jami'ai biyu suka ɗaga shi kamar buhu suka jefa a mota. Daɗi ta ji, tsantsarsa, kamar ruwan randa a tsakar rana. A tirotiro ta buɗe takardar ta cinye ayabar duka biyu da gyaɗar, ta lashe yatsu.

Magariba ta yi sa'ad da ta isa gidan. Baƙi sun watse, an jingine benci. Papa Boadu yana nan a baranda inda ta bar shi.

"Ina albasar?"

"Ta yi tsada."

"Matar Wiredu ta kira ni. Har hotonki ta turo, kina tsaye a kansa." Ya cire tabarau ya matse idanu. "Shekara goma sha tara ina gina da'irar nan, Konadu. Kin san abin da na ji a ƙarƙashin bishiyar nan? Na ji abin da zai rushe gidaje ɗari. Ban taɓa kai ko ɗaya bakin get ba. Ranar Alhamis wace ce za ta buɗe baki? Dufie? Ko yarinyar nan da kawunta ya lalata, wadda sai yanzu ta fara magana?"

"Kana nufin a bar motar ƙwai ta tafi?"

"Jiya na zauna da Pokuaa. Da ta ƙara ƙarfi, da kaina zan raka ta ta faɗa da bakinta, ya zama nata ne. Kin ƙwace mata."

"Yaran mutane nawa ne a cikin katan ɗari biyu, Papa?"

"Kada ki yi mini wa'azi. Ba don yaran mutane kika yi ba."

"Gaskiya ne. Don nawa na yi."

Ya mayar da tabaran. "Litinin ki kawo mini makullai."

"To." Ta gyara jakar a kafaɗa. "Ta ji?"

"Na gaya mata. Ta ce tana son ganinki."

Sauran matan suna falo suna kallon wasan kwaikwayo a talabijin, ana jin Dufie tana zagin mugun cikin fim ɗin. Pokuaa tana barandar baya ita kaɗai, a kan 'yar kujera a ƙarƙashin ƙwan lantarki. An tsefe mata kai, gashin ya tashi buzu-buzu, ga mataji da tsinken kitso a cinyarta.

"Sannu da dawowa, Anti."

Konadu ta tsaya a kanta. "Ni na kira su. Kuma na gaya masa daga bakinki ta fito."

Ta shirya wa ihu, ko mari, ko zagi. Yarinyar ta ɗago kawai.

"Ya yi kuka?"

"Ya yi."

Pokuaa ta gyaɗa kai a hankali. "Na san za ki kira. Ke nake kallo lokacin da nake faɗa, ke ce ba ki kalle ni ba. Sati biyar ina gwada ko zan iya da kaina. Ban iya ba. Papa ya ce in jira in yi ƙarfi. Ni na san kaina, ina fita gonar zan nufa."

"Kin san ni ke nan."

"Ina bayan teburin ranar da kika durƙusa. Shekarata sha shida. Tun ina sha huɗu yake tsayar da ni a wurin in an tashi makaranta. Shi ya fara ba ni rabin ƙwaya lokacin jarrabawa, wai don kada barci ya ɗauke ni."

Yini guda Konadu tana ganin ita ce mai sara, ashe ita ce addar. Ta juya za ta tafi.

"Da saura, Anti."

Ta tsaya.

"Ranar da Bempa ya dawo, Baba ba ya nan, ya tafi Accra sayen kaya. Ni kaɗai ce a shagon. Filasta ya zo saye, ya yanke a yatsa. Na ce masa, 'Kai, ka yi kyau, ka zama fasto ke nan?' Ya yi dariya ya ce ya daina. Na ɗauko kati na sa masa a aljihun riga, na ce na barka da dawowa ne. Ya ciro ya ajiye a kan tebur. Na sake mayar masa, na dafe aljihun da hannuna. Wasa na ɗauke shi." Ta juya matajin a cinyarta. "Baba bai taɓa sani ba. Da ya sani ma faɗa zai yi mini, don kyauta na bayar."

A falo aka kwashe da dariya. Konadu ta dubi hannuwanta. Da su ta goge wa yarinyar nan baki, da su ta tallafe mata ƙeya tana ba ta koko.

"Ban faɗi wannan a da'ira ba," in ji Pokuaa. "Ke na faɗa wa. Ki yi abin da kika ga dama da shi."

Sauro ya fara taruwa a jikin ƙwan. Can yarinyar ta taɓa kanta, kamar sai yanzu ta tuna da shi.

"Dufie ce ta tsefe mini don gobe coci. Sai ta ce hannunta yana rawa, ba za ta iya kitsawa ba."

Konadu ta ajiye jakarta. Ta miƙa hannu ta ɗauki tsinken daga cinyar yarinyar. Na ƙarfe ne, dogo, bakinsa ya sha wasawa. Ta jawo kujera ta zauna a bayanta, ta matse ta tsakanin gwiwoyinta. Pokuaa ta sunkuyar da kai, ƙeyarta a buɗe, siririya, jijiya tana bugawa a gefe. Konadu ta daɗe tana kallon wurin.

Sannan ta dasa tsinken a goshi ta ja tsaga har baya, ta kama gashin ta fara kitsawa. Ta ja shi har girar yarinyar ta ɗaga sama, fatar kan ta yi fari a layin. Hawaye suka zubo wa Pokuaa, suka bi ta haɓa suna ɗiga a zane.

Dufie ta leƙo ta taga. "Anti, a hankali mana! Kai ne fa, ba igiyar guga ba."

"Bar ta," in ji Pokuaa.

Konadu ta kai kitson har ƙeya, ta murɗe jelar, ta sake dasa tsinken ta tsaga na biyu. Yarinyar gashi ne da ita sosai. Aikin zai ɗauki lokaci.